Musayar Waƙa: Hukuncin Farke Ciki a Tsohuwar Ingila

Ɗalibar Tarihi:
Salamu alaikum 'yan zaure. Ga nawa baitocin, mai amsa ya amsa.

A 1283 garin Shrewsbury ya cika,
Yarima Dafydd na Wales aka kama,
Sarki Edward na Ɗaya ya tara manya,
Laifi huɗu, horo huɗu suka yanka.

Cin amanar sarki, doki ya ja shi ƙasa,
Kisan kai, igiya ta sarƙe wuya,
Ya ta da yaƙi a makon Ista,
Don haka a farke ciki, hanji a ƙona,
Sauran gawar a datsa huɗu a rarraba.

Ɗan Mahauta:
Yaya, kin ta da mini tsigar jiki,
Ni da na girma a kwata, fawa ce aiki,
Rago ma ba ma feɗe shi da sauri,
Sai ya bar shure-shure, jini ya yi sanyi,
Sannan wuƙa ta nemi hanta da tumbi.
Su kuwa sauke mutum suke da sauran numfashi,
Yana kallon kayan cikinsa a garwashi!

Malam Mai Carbi:
Ɗana, a wurinsu ba hauka ba ne,
Alƙali ne ya karanta, a rubuce ne,
A 1351 Edward na Uku ya zayyane
Abin da ake kira cin amana a dokance.
Mace kuwa ba a farke ta, ita sai a ƙone,
Wai don kunya, ka ji inda imaninsu ya kare.

Ɗalibar Tarihi:
Baba, to a warware mini ta jagoran Scotland William Wallace,
1305, Landan, ga abin da ya ce:
Bai taɓa yi wa Edward na Ɗaya mubaya'a ba,
Amanar da bai ɗauka ba, yaya zai ci ta?
Duk da haka filin Smithfield ya sha jininsa,
Kai a gadar Landan, gaɓoɓi arewa,
Newcastle, Berwick, Stirling da Perth aka rarraba.

Ɗan Mahauta:
Rabon tsoka har gari huɗu, Yaya?
Wannan watanda ce, ba shari'a ba.

Malam Mai Carbi:
Sai 1814 majalisa ta hana farkewa,
Datsa gawa kuwa ya kai 1870 a doka.
Ɗana, baiti biyu kawai ka kawo,
Bashin saura na kanka, gobe ka biyo.