Hanyar Likiya a Turkiyya: abin da masu tafiyar ƙafa suka ce

Na tattaro shawarwarin waɗanda suka taka Hanyar Likiya, wadda ta bi gaɓar tekun Bahar Rum daga wajen garin Fethiye zuwa kusa da birnin Antalya, fiye da kilomita 500. Kate Clow, 'yar Ingila, ce ta shata ta, aka buɗe a 1999.

Bakinsu ya zo ɗaya kan lokaci: Afrilu zuwa Mayu, ko Oktoba. Zafin Yuli da Agusta ba na wasa ba ne.

Maganar ruwa ta fi daɗewa a bakinsu. Tsofaffin rijiyoyin tara ruwan sama da ke bakin hanya sukan ƙafe, ko ka leƙa ka tarar da ganye da ƙwari a ciki. Don haka ka cika gorunanka a famfon masallacin kowane ƙauye, ka kuma riƙe abin tace ruwa.

Alamar hanya fenti ne fari da ja a jikin dutse. In ka yi minti goma ba ka ga ko ɗaya ba, koma baya, kada ka yi ta kutsawa cikin ƙaya. Karen makiyayi kuwa ba a gudunsa, tsayawa ake yi.

An yi saɓani kan tanti. Wasu sun fi son kwana a masaukan ƙauyukan kan tudu irin Faralya, ni ma nan na karkata, don in ba tanti kayan baya sun ragu. Kangayen tsofaffin biranen Patara da Olimpos ana biyan kuɗin shiga. A ba su rabin yini. Wutar Yanartash da ke fitowa daga cikin dutse, da magariba ake ganin kyanta.