Lokacin zagaye a bidiyo ya ƙi dacewa da na manhajar waya

Assalamu alaikum. Ina neman taimakon waɗanda suka saba kai motocinsu filin tsere a ranakun da ake buɗe shi ga masu sha'awa, domin wata matsala ta ƙi ci ta ƙi cinyewa.

Da manhajar waya nake auna lokacin kowane zagaye, sannan na manna kyamara a gilashin gaba, tana ɗaukar hoto 60 a daƙiƙa. Idan na ƙirga daga bidiyon, tun daga ƙetare layin farawa har zuwa sake ƙetare shi, sai in tarar da bambancin kusan rabin daƙiƙa, wanda a wurina ba ƙaramin abu ba ne. Ina zargin GPS ɗin wayar, tunda sau ɗaya kacal yake karanta wuri a daƙiƙa, alhali motar da ke gudun kilomita 160 a awa tana cinye mita 44 a wannan ɗan lokaci.

Shin na'urar GPS ta daban, mai karantawa sau 10 a daƙiƙa, za ta magance wannan? Kuma yaya kuke daidaita bayanan gudu da bidiyo? Nawa suna farawa tare, amma kafin zagaye na shida sai alamar da ke nuna na taka birki a cikin bayanan ta riƙa fitowa bayan na riga na shiga kwana.