Bindiga biyu kacal zan iya saya, waɗanne zan zaɓa?

Assalamu alaikum 'yan'uwa maharba. Ina zaune a jihar Wiskonsin ta Amurka, na gama darasin farauta na karɓi takardata, amma wata biyu ke nan na kasa yanke shawara. Kuɗin da na tara ba zai wuce bindiga biyu da akwatin ƙarfe na kulle su ba, don akwai yara a gida.

Abin da nake so in harba: barewa a kwana taran da ake buɗe farautarta da bindiga a watan Nuwamba, agwagwa a bakin fadama, sai zomo jefi-jefi. Ta tsuntsu na kusa tsayawa kan bindigar Mossberg 500 ko Remington 870 mai lamba 12 (ma'aunin faɗin bututu ke nan), tunda tana ɗaukar harsashin ƙarfe, doka kuwa ta hana harbin agwagwa da harsashin dalma tun 1991.

Ta biyun, wato ta barewa, ita ce ta hana ni barci. Wani abokin aikina ya ara mini bindigarsa .30-06 (lambar nau'in harsashinta ke nan) a filin gwaji, harbi biyar na yi, kafaɗata ta kwana uku tana tsami, har na fara runtse ido kafin in ja kunama. Wannan ya tsorata ni, don ba na son in raunata dabba ta gudu daji ta mutu a wahale.

Shin .308 za ta fi sauƙi, ko in sauko .243 mai ƙaramin harsashi? Ko in saya wa ta tsuntsun bututu na biyu mai harsashi dunƙule don barewa, ragowar kuɗin in ɗauki ƙaramar bindiga .22 saboda zomo? Dajin da zan shiga yana da duhu, da wuya harbi ya wuce yadi 100. Wanda ya gwada, don Allah ya taimaka mini.