Abin da aka tsayar kan ƙa'idar kauce wa karo ta jirage marasa matuƙi

To ga abin da na tsinta a maganganun jama'a kan yadda jiragen sama marasa matuƙi za su kauce wa karo da wasu jirage:

1. Kusan kowa ya yarda a fara fayyace me ake nufi da "sun kusa karo", ma'aunin da aka saba shi ne ƙafa 500 a gefe da ƙafa 100 sama ko ƙasa, sai a gina sauran sharuɗɗa a kai.

2. Kada a dogara da ADS-B (na'urar da jirgi ke sanar da inda yake ta cikinta) kaɗai, don ba kowane jirgi ke da shi ba, dole a haɗa da rada ko kyamara.

3. A nan aka rabu: wasu sun ce jirgin ya kauce da kansa, wasu kuma sun ce mai sarrafa shi daga ƙasa ya yanke hukunci. Ni dai in sadarwa ta yanke fa, waye zai yanke?

4. Ƙaramin jirgi da babba kowa da sharaɗinsa.