Muhawara: Masu son Oliver da Felicity ne suka sa aka kashe Laurel a shirin Arrow?

Ɗan Lian Yu: Salamu alaikum 'yan gida. Ga maganata, wanda yake da ja ya zo da hujja. Arrow ya fara ranar 10 ga Oktoba 2012 a tashar CW, ya ƙare 28 ga Janairu 2020, zango 8, kashi 170. Na ce masu goyon bayan soyayyar Oliver Queen da Felicity Smoak, waɗanda ke kiran abin Olicity, su ne suka juya akalar shirin da hayaniyarsu a Twitter, har aka kashe Laurel Lance a zango na 4 kashi na 18, ranar 6 ga Afrilu 2016. A littattafan zane na DC, Black Canary (Laurel ke nan a shirin) ce abokiyar zaman Green Arrow (Oliver ke nan, mai baka), har aure aka ɗaura musu a 2007. Felicity kuwa a labarin Firestorm ta fito a 1984, matar uban Ronnie Raymond ce, ba abin da ya haɗa ta da mai baka. Emily Bett Rickards, mai fitowa a matsayin Felicity, ma fitowa ɗaya aka ɗauke ta yi, a kashi na 3.

Ummi: Wa alaikumus salam. Yaya, ka fara lissafi daga 2016, alhali ɓarnar tana cikin kashi na farko. Oliver saurayin Laurel ne, ya ɗauki ƙanwarta Sara a ɓoye suka hau jirgin ruwan Queen's Gambit, jirgin ya nutse, gidan Lance suka shekara biyar suna makoki, auren iyayensu ma ya mutu. A kan wannan tushe kake so a gina soyayyar zango takwas? Marubuta ne suka haƙa wannan ramin tun ba wanda ya san Felicity.

Sai maganar lokaci. Kowane kashi kusan minti 42 ne. A cire waiwayen zaman Oliver a tsibiri bayan nutsewar jirgin, a cire faɗa, abin da ya rage yawancinsa a ɗakin ƙasa ake yinsa, ƙarƙashin kulob ɗin Verdant. Duk wanda bai san sirrin Oliver ba, ba ya shiga ɗakin nan. Felicity ta shiga tun zango na 1 kashi na 14, ranar da Moira, uwar Oliver, ta harbe shi ba da saninta ba, ya je ya kwanta a motar Felicity yana jini. Laurel kuwa sai zango na 2 kashi na 18, kuma daga bakin Slade Wilson, mugun zangon, ta ji. Kashi kusan 27 ke nan ɗaya tana zaune kusa da jarumi kullum, ɗayar kuma in sun haɗu ƙarya yake yi mata. Mai kallo zai ƙaunaci wadda yake gani ne.

Kanari: Ummi, na yarda da lissafinki, amma ni yake taimako. Wa ya hana a shigar da Laurel ɗakin? A zango na 2 aka dawo da Sara, Caity Lotz, aka ba ta baƙaƙen kayan Canary da horon ƙungiyar Ra's al Ghul, ita kuwa Laurel aka ba ta kwalba da ƙwayoyi. Zango na 3 kashi na 1 aka kashe Sara, Laurel ta ɗan yi dambe a wurin Ted Grant, kashi na 10 sai ga ta cikin kaya. Dole mutane su auna ta da 'yar'uwarta su ga ta gaza. Amma zuwa zango na 4 Katie Cassidy, mai fitowa a matsayin Laurel, ta zauna daram a rawar: lauyar gwamnati da rana, Black Canary da dare, Nyssa 'yar Ra's al Ghul ta ƙara mata horo, Cisco na shirin The Flash ya gyara mata na'urar ƙara ta wuya. Sai da ta gyaru aka kashe ta. Kuma ku tuna abin da aka sa a bakinta a gadon asibiti: tana fata Oliver ya koma wa Felicity, ta san ba ita ce abar son rayuwarsa ba, amma shi ne nata. Mace tana da uba da ƙanwa, a ƙarar da maganarta ta ƙarshe a kan soyayyar wasu. Wa aka rubuta wa wannan in ba wancan ɓangaren ba?

Sarkin Baka: Ku ɗan tsaya mu duba yadda kabarin ya samo asali, don nan ne matsalar aikin take. Zango na 4 kashi na 1 ya rufe da Oliver a tsaye gaban kabari, Barry Allen, jarumin The Flash, ya zo, aka rubuta bayan wata shida. Marc Guggenheim, wanda shi da Wendy Mericle ke jagorancin rubutun zangon, ya shaida wa 'yan jarida daga baya cewa alkawarin mutuwa suka fara yi, sannan suka tace wanda za a saka. To ku ƙirga wanda ya rage. Oliver ba ya mutuwa. Felicity an nuna ta da ranta a cikin mota ranar jana'izar, tun kashi na 10. Thea, ƙanwar Oliver, an riga an kai ta bakin mutuwa a zango na 3 an dawo da ita da rijiyar Lazarus. Sara kwanan nan aka tashe ta. Tommy, aminin Oliver, da Moira sun daɗe da mutuwa. Saura uku: Diggle abokin aikin Oliver, Quentin uban Laurel, da Laurel. Mutane da yawa sun zaci Quentin ne saboda ya yi wa Damien Darhk, mugun zangon, aiki a ɓoye, amma mutuwar da kowa ya hango ba ta girgiza kowa. Ita kuma rijiyar Nyssa ta lalata ta tun kashi na 3, don kada a ce ai za a dawo da mamacin. Sun ɗaure kansu da alkawari, suka zaɓi wanda rashinsa ba zai tsayar da aikin ɗakin ƙasa ba. Ba Felicity, ba mai kutse a kwamfuta. Ba Diggle, ba mai gaya wa Oliver gaskiya. Ba Laurel, akwai Thea da Diggle a fagen faɗa.

Wani abu kuma, a Vancouver ake ɗaukar shirin, kuma ana rubutawa ana ɗauka makonni kafin a haska. Ihun daren Laraba, daren da ake haska shirin a lokacin, ba ya canza kashin mako mai zuwa.

Ɗan Lian Yu: Malam Sarki, ba ya canza mako, amma yana canza shekara, kuma shekaru nake magana. Duba matakan. Ƙarshen zango na 2, Oliver ya kai Felicity gidan Queen ya ce yana son ta, ashe dabara ce don Slade ya dasa kyamarori, ya sace ta, ta soka masa maganin Mirakuru, sinadarin da ke ba shi ƙarfi. Gwaji ne wannan, aka ga yadda intanet ta ɗauka. Zango na 3 kashi na 1 sai ga su a gidan abinci. Ƙarshen zangon suka bar gari a mota. Zango na 4 fa? Zaman Ivy Town, ita ce shugabar kamfanin Palmer, uwarta Donna tana soyayya da Quentin, ubanta Noah Kuttler ya bayyana, baiko a kashi na 9, harbi a mota, keken guragu. Shirin mai baka ne ko tarihin gidan Smoak? Sannan kashi na 15: Curtis, ma'aikacin kamfanin, ya ƙera 'yar na'ura an dasa mata a laka, ƙafa ta tashi daidai lokacin da ta cire zobe, ta miƙe ta fice. Shanyewar ƙafa ta kashi shida, don kawai a samu wannan fita.

Ummi: Yadda aka ɗauki fitar nan ba zan kare shi ba. Amma dalilinta a fili yake. Oliver yana da ɗa, William, da Samantha Clayton. Ya ɓoye wa matar da zai aura. Barry ya sani, Malcolm Merlyn, uban Thea, ya sani har ya sayar wa Darhk da labarin, Thea ta gano. Bayan an ceto yaron kuma ya yanke shawarar a tafi da shi nesa bai tuntuɓe ta ba. Yaya, a gidan wa za a yi wannan a zauna lafiya?

Kuma ka amsa mini: in marubuta bayin masu Olicity ne, me ya sa suka raba su daga wannan kashi har ƙarshen zango na 5? Suka ba ta wani saurayi, ɗan sanda Billy Malone, sannan suka sa Oliver ya kashe shi da hannunsa a tarkon Prometheus, mugun zango na 5. Labarin ɓoye William ɗin nan, su ma masu Olicity tsine masa suka yi, domin ya mayar da Oliver maƙaryacin da aka ce ya daina zama.

Mai Bita: Ni abin da na ga kuna tsallakewa shi ne, zango na 4 ya lalace ta wurare da yawa da ba ruwansu da soyayya. Legends of Tomorrow, sabon shirin da ya tsiro daga Arrow da The Flash, zai fara a Janairu 2016, sai aka mai da rabin farko na Arrow wurin share masa hanya: kashi na 3 tayar da Sara, na 5 Constantine ya dawo mata da ruhinta, na 6 ceto Ray Palmer, na 8 Vandal Savage. Darhk kuma matsafi ne mai tsayar da kibiya a iska, a shirin da ƙarfinsa naushi da kwari. Waiwayen Baron Reiter kowa ya san yadda ya ja ƙafa. Uwa uba kashi na 21, makamin nukiliya ya nufi Monument Point, Felicity ta karkatar da shi zuwa Havenrock, dubun-dubatar mutane suka halaka, aka wuce kamar ba a yi ba. Sai a zango na 5 aka kawo Rory Regan, wanda ya tsira daga garin, don a biya bashin. Bayan kashin ƙarshe, a Mayu 2016, masu kula da zauren Arrow a Reddit suka mai da shi zauren wani shiri daban, Daredevil, don fushi. Duk wannan haushi Felicity ce ta kwashe shi, saboda ita ce fuskar da ta fi yawan bayyana. Zagin da aka riƙa aika wa 'yan wasan biyu, Emily da Katie, kuwa, daga kowane ɓangare, ba su suka rubuta ko layi ɗaya ba.

Kanari: Kuma an saurari namu ihun, in don wannan ne. Mako shida da mutuwar sai ga Katie Cassidy a The Flash zango na 2 kashi na 22 a matsayin Black Siren, wato Laurel ta wata duniya.

Sarkin Baka: Mako shida ya yi kaɗan a ce martani ne, 'yar'uwa, wannan an tsara shi tun kafin a haska mutuwar. Wanda za ki iya kamawa shi ne mayar da ita cikakkiyar 'yar wasa a zango na 6, da shigo da Dinah Drake a zango na 5 don kada sunan Black Canary ya zauna ba mai shi. Dinah kuma da muryarta take yin ƙarar, ba na'ura ba, abin da masu karatun littattafan suka yi shekara huɗu suna nema.

Kanari: To sun ba mu fuska ɗaya da mutum daban. Black Siren daga wata duniya take, ba ita Tommy ya mutu yana ceto ba, ba ita ta yi fama da kwalba ta tashi ba.

Ɗan Lian Yu: Bari in ƙara ɗaya da ba wanda zai ce Legends ne ya jawo. Nuwamba 2017, haɗakar Crisis on Earth-X. Bikin Barry da Iris ne, 'yan Nazi na Earth-X suka tarwatsa shi, Martin Stein ya mutu. Bayan jana'iza aka kawo Diggle ya ɗaura musu aure a tsaye, sai Felicity ta katse ana cikin yi ta ce su ma a haɗa da su, ita da ta ƙi tayin Oliver a liyafar jajibiri. Masu kallon The Flash sun jira wannan rana zango huɗu, aka raba musu ita biyu.

Ummi: Wannan kam an shiga hakkin Iris. Amma auren da kake kuka da shi, shi ya kashe rigimar. Daga nan babu sauran a rabu a shirya, kuma zango na 6 bai tsira ba: ƙorafin ya koma kan rabuwar tawaga, Curtis da Dinah da Rene a gefe guda, da kuma Ricardo Diaz da aka ja shi har cikin zango na 7.

Ɗan Lian Yu: Zango na 5 fa, da Oliver da Felicity ba sa tare, wanda kusan kowa a nan yake sawa kusa da na 2?

Mai Bita: Adrian Chase, wato Prometheus, shi ne ya ɗauki zangon, kuma Felicity tana nan a cikinsa tun daga farko har ƙarshe, da labarinta na ƙungiyar Helix. Kashi na 20 ma kusan gaba ɗayansa su biyu ne a kulle a ɗakin ƙasa, na'urar lakarta ta mutu, Oliver yana goye da ita. Ɗan Lian Yu, ka sake kallon wannan kashin ka gaya mana minti nawa za ka yanke daga ciki.