Yaran CI na haddace amma ba su karatu, wace hormasiyon ke gyara wanga?

Madam_CI:
Assalamu alaikum malamai. Ina riƙe da ajin CI, wato ajin farko na firamare, a wata lakwal ta bakin garin Maradi, aji cike maƙil. In na rubuta jimla a tabulo na karanta sai su amsa da murya guda har makwabta su ji, amma in na tada yaro guda na nuna mishi kalma ta tsakiya sai ya tsaya yana kallona. Haddace suke yi wallahi, kuma abin na hana ni barci. Na ji ana cewa akwai hanyar koyar da karatu da bincike ya tabbatar kuma ana horar da malamai a kanta. Wanda ya taɓa shiga don Allah mi ake koyarwa ciki, kuma tana aiki a aji irin namu?

Tsohon Konseye:
Wa alaikumus salam ɗiyata. Abin da kika gani ba ajinki kaɗai ba ne, a gwajin PASEC na 2014, wanda ake yi wa yaran firamare a ƙasashen Afirka masu aiki da Faransanci, ko yaro 1 cikin 10 na ƙarshen firamare a Nijar bai kai matakin da ake so ga karatu ba. Wani kwamitin masana a Amurka ya tattara bincike a 2000 ya fiddo ginshiƙai biyar: jin sautukan da ke cikin kalma, haɗa sauti da harafi, karatu ba gargada, yawan kalmomi, da fahimta. Mu inda muke faɗuwa biyun farko ne, muna tsallake su mu tafi ga jimla. Kafin ki taɓa alli ki fara da kunne, ki ce rana, rago, riga, da wane sauti suka fara? Sannan harafi guda, ki ba su sautinshi ba sunanshi ba, m da a su ba da ma, ma da ma su ba da mama, yaro ya haɗa da bakinshi ba ke ki faɗa ya maimaita ba. Kuma in kina da hali ki fara da Hausa don yadda ake faɗinta haka ake rubuta ta, Faransanci kuwa o kaɗai ana rubuta shi o, au, eau, ga yaro bai ma san ma'anar kalmar ba. Tun 1973 aka buɗe makarantar gwaji da Hausa a Damagaram, ba sabon abu ba ne gare mu.

Mushe ɗan kwantaragi:
Baba konseye gaskiya ka faɗa amma ni matsalata da hormasiyon ɗin kanta ce. A tara mu ɗaki guda 'yan kwanaki, mai horarwa na karanto takarda muna kwafa cikin kaye, ba wanda ya tashi ya gwada darasin gaban yara, a ƙare kowa ya koma ga abin da ya saba don ba mai zuwa ya duba, ba littafi a hannun yaro. A Kenya shirin Tusome da suka fara a 2015 ba horo kaɗai suka ba malami ba, sun haɗa mishi da jagorar darasi na kowace rana, kowane yaro da littafinshi, ga mai bibiya da ke shiga aji ya zamna ya ji darasin ya gyara maka. Bibiyar nan ita ce ba mu samu.

Maman Nana:
Ni ba malama ba ce, uwa ce. Amma ai makarantar allo haka take yi tun kakanni, babbaƙu tukuna sannan farfaru, ba a ba yaro dogon karatu bai san baƙi ba. Ku taimake mu malamai, ɗiyata na CE1, aji na uku, har yau sunanta kaɗai take iya karantawa.

Madam_CI:
Na gode ƙwarai. Baba to ya zan gane wanda ya iya da gaske cikin wanga taro?

Tsohon Konseye:
Rubuta gaɓoɓi da kalmomin da ba su taɓa gani a tabulo ba, irin su lomi ko tafu, ki kira su ɗaya ɗaya, minti guda kowane yaro, 'yan kaɗan kullum har ki zagaye ajin. Wanda ya haɗa ya iya, wanda ya kasa ki ware su rukuni ki koma da su ga sauti. Kuma ranar CAPED ɗinku, wato taron malamai na ƙara wa juna sani, ki roƙi a bar ki ki yi darasin gaban abokan aiki da yara na gaske su gyara miki. Maman Nana ke ma ki kai maganar ga direkta ya sa a gwada ta haka.