Taƙaitawa: Ƙwarewar da Masana Harhaɗa Magunguna Ke Buƙata a Asibitocin Sha-ka-tafi

Na tattara abubuwan da aka faɗa a tattaunawarmu kamar haka:

1. Kusan kowa ya amince cewa iya yi wa majinyaci bayani da harshen da yake ji ne kan gaba. An fi kawo misali da maganin zazzaɓin cizon sauro na artemether-lumefantrine, wanda ake sha sau 6 cikin kwana 3, na biyun bayan awa 8 da na farko, tare da abinci mai maiƙo ko madara. Mutane da dama suna ajiye shi da zarar zazzaɓin ya sauka, don haka aka ba da shawarar a sa majinyaci ya maimaita bayanin da bakinsa kafin ya tafi. A ganina wannan ne ya fi kowane batu nauyi.

2. A iya tantance takardar likita, musamman adadin maganin yara bisa nauyinsu, da abin da ya halatta ga mai juna biyu.

3. A duba lambar rajistar NAFDAC (hukumar kula da ingancin abinci da magunguna ta Najeriya) da ranar ƙarewar wa'adi, a kuma kiyaye magani daga zafi.

4. Ra'ayi ya rabu kan magungunan kashe ƙwayoyin cuta. Wasu sun ce a hana duk wanda ya zo ba takardar likita, domin shan su barkatai ne ke sa ƙwayoyin cutar su daina jin magani. Wasu kuwa suna ganin a ƙauyen da babu likita, hanawa kawai za ta tura majinyaci wurin masu tallar magani a kasuwa.